Gwanayena a Kiɗan Jaz



Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mini nauyin yin magana a kan kiɗan jaz da gwanayen da na fi so a cikinsa. Na san akwai waɗanda da suka ga takardar gayyata suka ce, "Yanzu a kan wannan hayaniya za a tara mu?" To, a ba ni aron kunne na ɗan lokaci, domin hayaniyar nan tana da tsari.

Jaz kiɗan baƙar fatan Amurka ne. Ya tashi a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, daga waƙoƙin aiki, da na coci, da kiɗan badujala, da salon nan na kukan zuci da ake kira bulus. Ga yadda akan yi shi: makaɗa su fara da taken waƙar gaba ɗayansu, sannan a ba kowa fili shi kaɗai ya ƙirƙiro nasa nan take a kan wannan take, sauran suna riƙe masa ƙasa, daga ƙarshe a koma kan taken a rufe. Saboda haka waƙa ɗaya, makaɗa ɗaya, amma abin da suka busa jiya daban ne da na yau. Wanda bai san da wannan tsari ba, dole ya ji kamar kowa na yin gaban kansa.

Da yawa daga cikinmu a akwatin rediyo muka fara jin sa, a gajeren zango, ta shirin Willis Conover na Muryar Amurka. Ya fara shirin a 1955, ya riƙe shi har rasuwarsa a 1996. Yana magana a hankali, kalma bayan kalma, ta yadda ɗan aji biyu ma zai iya bin Turancinsa.

Na farko a wurina shi ne Louis Armstrong, wanda ya rayu daga 1901 zuwa 1971. Kafin shi, yawanci makaɗan New Orleans busa suke yi a tare. Shi ne ya nuna cewa mai ƙaho ɗaya zai iya fitowa gaba ya ɗauke hankalin jama'a duka. Duk mai shakka ya nemi faifansa na 1928, "West End Blues", ya saurari yadda ya buɗe shi shi kaɗai kafin kowa ya shigo. Ya zo Akara a 1956, ya sake zagayo Afirka a 1960, kuma akwai hoton da aka ɗauke shi a Kaduna a wannan shekara tare da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello.

Sai Duke Ellington, mai fiyano kuma shugaban babbar ƙungiya, irin ta zamanin kiɗan rawa da ake kira suwin. Abin da ya burge ni da shi, yakan tsara kiɗa ne da sanin bakin wanda zai busa shi. Ya san inda Johnny Hodges ya fi daɗi, ya san inda Harry Carney ya fi ƙarfi, sai ya ajiye wa kowa wurinsa. Carney ya shiga ƙungiyar a 1927, bai bar ta ba har Ellington ya rasu a 1974, shi ma ya bi shi a cikin wannan shekara. Waɗanda suka riƙe ofis ko makaranta a cikinmu sun san abin da ake nufi da riƙe gwani shekara 47 ba tare da ya yi fushi ya tafi ba.

A shekarun 1940 samari irin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka fito da bibop a gidajen kiɗa na New York. Ƙungiya ta koma 'yar ƙarama, mutum 5 ko 6, kiɗa ya ƙara sauri, aka bar 'yan rawa a baya, aka koma zama ana sauraro. A nan ne na san zan sha suka daga wasu abokaina da ke zaune a nan, domin a ganinsu daga Parker an rufe ƙofa. Ban musa gwanintarsa ba. Amma ya rasu a 1955 yana da shekara 34 kacal, bayan ƙwaya da giya sun cinye jikinsa, kuma duk lokacin da na ji shi, tausayi ne ke rigan daɗi zuwa.

Ni kam na fi karkata ga Miles Davis. Inda wani zai busa sauti 20, shi sai ya busa 3 ya yi shiru, kuma shirun nan ma yana cikin kiɗan. A 1959 ya tara makaɗa, cikinsu har da John Coltrane, ya ba su ɗan taƙaitaccen tsari kawai, suka ɗauki faifan "Kind of Blue" a zama biyu. Duk wanda ya tambaye ni daga ina zai fara, wannan faifai nake nuna masa. Idan kunne ya saba, sai ya wuce ga na Coltrane, "A Love Supreme", wanda ya fito a 1965, addu'a ce da godiya ga Mahalicci tun daga farko har ƙarshe. A wajen murya kuwa, Ella Fitzgerald ce ta ranar farin ciki, Billie Holiday ta ranar da zuciya ta yi nauyi.

Na ajiye mutum ɗaya zuwa ƙarshe da gangan, wato Yusef Lateef. An haife shi a 1920, ya girma a birnin Detroit, ya musulunta tun yana saurayi. Ya ƙware a saksofon da sarewa, kuma tun a faifansa na 1961, "Eastern Sounds", yake neman sautukan da ba na Turai ba. Wannan nema ne ya kawo shi Zariya, inda ya zauna daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, har ya yi nazarin sarewar Fulani. Shi ma kansa ba ya son a kira kiɗansa jaz. Ya rasu a 2013. 'Yan'uwa, mutum nawa ne a cikinmu suka yi karatu ko aiki a Samaru a waɗannan shekaru? Mutum nawa suka san yana nan? Mu muna miƙe kunne ga rediyo muna neman Amurka, shi kuma ya tsallako teku yana neman abin da makiyayi ke busawa a bayan gari.

Idan kun lura, dukkan waɗannan mutane abu biyu suka haɗa. Kowannensu da jin busarsa ka san shi ne, kuma kowannensu ya iya yin shiru ya saurari na kusa da shi har layi ya zo kansa. Wanda ba ya sauraro ba ya daɗewa a ƙungiyar jaz, komai gwanintarsa. Malamanmu sun yi ta fama da mu a kan wannan a ƙungiyar muhawara, kuma ina ganin har yau tarurrukanmu suna bukatarsa.

Zan rufe da roƙo. Akwai faya-fayai da kaset-kaset a ɗakunanmu, ƙura da zafi suna cin su, 'ya'yanmu ba su san darajarsu ba, kuma ranar da muka kau za a zubar. Ina ba da shawara kowa ya kawo abin da yake da shi a taro mai zuwa, a juye su a kwamfuta, a miƙa wa laburaren makaranta. Kowa kuma ya haɗo da 'yar takarda a kan gwaninsa da dalilinsa. Masu goyon bayan Parker, ga dama ta samu, sai ku rama.