Yaron Kontagora da Harshen Kakarsa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya

 

An ce in yi magana a kan tarbiyyar yaranmu da sanin asali. To, jama'a, bari in fara da garin da muke zaune. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa Kontagora a 1864, a ƙasar Kambari. Iyayenmu kuwa fatauci da almajiranci suka kawo su daga Kano da Katsina da Sakkwato. Sun tarar da Kambari, ga Dukawa a wajen Rijau, ga Dakarkari a Zuru, aka zauna tare, har aka yi auratayya.

Kun san kukan 'yan'uwanmu na Sabo a Ibadan da na Zangon Kumasi, wai Hausa na neman kuɓuce wa 'ya'yansu. Mu a nan Allah ya hutar da mu wannan fargaba. Kasuwa Hausa, masallaci Hausa, filin wasa Hausa. Amma fa abin da suke tsoro a can, shi ke samun maƙwabtanmu a nan, kuma har cikin gidajenmu. Gida nawa ne uba Bahaushe, uwa Bakambara ko Badakkara? Kaka ta taso daga Salka ganin jikoki, ta gaishe su da harshenta, su yi tsuru suna kallon ta, wani ma ya fashe da dariya ya ce ƙauyanci ne. Wannan yaro rabin danginsa ya yar, bai sani ba.

Akwai darasi a ƙasar Kanada. Can gwamnati da coci-coci suka riƙa kwashe 'ya'yan mutanen asali, har da na ƙabilar Kiri, suna kai su makarantun kwana ana hana su harshensu. Yara kimanin 150,000 suka shiga waɗannan makarantu. A 2008 Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a gaban majalisa, amma neman gafara bai mayar wa kowa da harshen uwarsa ba. Yau jikokinsu a aji suke koyon abin da ya kamata su sha a nono. Su da bulala aka raba su da harshensu. Mu kuwa ba bulala, kunya da ba'a ne ke yin aikin.

Malamai suna nan, su gyara mini: aya ta 22 a Suratur Rum ta sa bambancin harsuna cikin ayoyin Allah. Ashe ba abin raini ba ne.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, maigida, bar uwar yaranka ta yi musu harshenta a ɗaki. Ba zai rage musu Hausa ba. Na biyu, lokacin hutu a raba: bana Katsina wajen dangin uba, baɗi Rijau ko Zuru wajen kawunnai. Na uku, duk yaron da ya yi wa wani dariyar harshe, a tsawata masa nan take, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabta. Wassalamu alaikum.