Daga Ciwon Maƙogwaro Zuwa Dasasshen Bawul: Abin da Ya Kamata Malami Ya Sani



Batun da zan yi magana a kai shi ne wasu ƙwayoyin cuta da ba kasafai ake ganinsu ba, waɗanda kan kama bawul ɗin da likitoci suka dasa wa mutum a zuciya. Mai saurare zai iya cewa ina ruwan mai alli da wannan. Amsar ita ce, a ƙasashe irin namu, hanyar da ke kai mutum ga wannan tiyata sau da yawa tun daga ajin firamare take farawa.

Zuciya tana da bawul huɗu, waɗanda suke kamar ƙyaure: su buɗe jini ya wuce, su rufe kada ya koma baya. Akwai wata ƙwayar bakteriya, Streptococcus rukunin A, da ke haddasa ciwon maƙogwaro, musamman ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Idan ba a magance ta ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jikin wasu yaran kan rikice, ta far wa gaɓoɓi da bawul ɗin zuciya. In abin ya yi ta maimaituwa, bawul ya tauye ko ya riƙa yoyo, har ta kai sai an sauya shi. Girman matsalar ne ya sa babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kanta a 2018.

Tun 1960, lokacin da likita Albert Starr da injiniya Lowell Edwards suka yi nasarar dasa bawul ɗin da suka ƙera a birnin Portland na Amurka, wannan aiki ya ceci rayuka masu yawa. Sai dai dasasshen bawul baƙo ne a jiki. Idan ƙwayar cuta ta shiga jini, takan manne masa ta lulluɓe kanta da wani yauƙi da magani ke shan wahalar ratsawa. Galibi ƙwayoyin fata da na baki ne ke yin wannan ɓarna, kuma sukan bayyana a gwajin jini. Waɗanda nake so mu lura da su yau su ne masu ɓuya.

Ta farko ita ce Brucella, wadda David Bruce ya gano a tsibirin Malta a 1887. Tana sa dabbobi ɓari, tana kuma shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ko ta taɓa ɗan tayin da dabba ta zubar. Ta biyu ita ce Coxiella, mai haddasa zazzaɓin Q, wanda aka fara bayyana shi a 1937 a tsakanin ma'aikatan mayanka a Brisbane ta Ostareliya. Tana taruwa a mabiyiya da ruwan haihuwar awaki, tumaki da shanu; in suka bushe, sai a shaƙe ta cikin ƙura. Tsakanin 2007 da 2010 ta kama mutane fiye da 4,000 a ƙasar Holan, daga gonakin awaki. Mu da muke kiwo a tsakar gida, muna kuma shan nono kusan kullum, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan kusancinmu da waɗannan biyun.

Wahalarsu ita ce, Brucella tana jinkirin tsirowa a gwajin jini, Coxiella kuwa ba ta tsirowa a gwajin da aka saba, sai an yi na musamman. Alamunsu kuma ba su da hayaniya: zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, rama, kasala, da haki. Sai a ce maleriya ce, a ce taifot ce, a yi ta sayen ƙwayoyi a kemis. Waɗannan ƙwayoyin sukan danne cutar yadda gwaji ba zai gan ta ba, alhali tana can tana cin gindin bawul. Idan aka gano ta, jinyar doguwa ce: zazzaɓin Q a kan dasasshen bawul kan ɗauki kimanin shekara biyu ana shan magani, wani lokaci ma sai an sake tiyata. Ku auna wannan da albashin malami ko abin hannun manomi.

To, me ya rage gare mu?

Na farko, ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi ba na wanzami ba ne. Cire belu ba ya kashe ƙwayar cuta. Mu shawarci iyaye su kai yaro asibiti. In likita ya rubuta maganin kwana 10, a cika kwana 10, ko da yaron ya warware a rana ta uku.

Na biyu, mu sa ido. Yaron da ciwo ke yawo masa daga gwiwa zuwa idon sawu zuwa gwiwar hannu, ko mai haki in ya ɗan yi gudu, a duba zuciyarsa. Haka yarinyar da rubutunta ya lalace farat ɗaya, hannunta na fizga, alƙalami na suɓuce mata: wannan na iya zama alamar cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa. Asibiti take buƙata, kada a ɗaga mata bulala.

Na uku, ɗalibin da aka ɗora wa allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu, mu ba shi izinin fita ranar allurarsa ba tare da tsangwama ba. Allurar ce ke tsare masa bawul ɗinsa na asali.

Na huɗu, duk wanda aka dasa wa bawul, ɗalibi ne ko abokin aiki ko ɗan uwa a gida, ya kula da tsabtar haƙoransa, ya faɗa wa likitan haƙori kafin a taɓa shi, ya sha tafasasshiyar madara kaɗai, ya bar wa wani karɓar haihuwar dabba da sharar turke. In zazzaɓi ya ƙi tafiya, ya je asibiti kafin ya haɗiyi kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce yana da dasasshen bawul, ya kuma ambaci kiwon da yake yi.

'Yan uwa, likita kan ga yaro ne bayan ciwo ya kayar da shi, mu kuwa muna ganinsa kwana biyar a mako. Ina roƙon kowane shugaban makaranta ya sa wannan batu cikin ajandar taron iyaye da malamai na wannan zango.