A Buɗe Iyaka, a Sa Ma'aikatan Lafiya a Ƙofa

Jama'ar Ƙonni, Ɗan Isa da Magariya.

A watan Maris na 2020 aka rufe iyakokin ƙasa ga matafiya saboda korona. An buɗe masallatai a watan Mayu. An buɗe filin jirgin Yamai ranar 1 ga Agusta. A lokacin mai kuɗin jirgi yana zuwa Faransa ya dawo, ku kuwa an hana ku cin kasuwar Illela da ta Jibiya.

Masu mulki sun ce in aka buɗe, cuta za ta shigo. Cutar gaskiya ce, ba mu musu ba. To amma kun fi kowa sanin abin da ke faruwa a lokacin. Mutane na ƙetarewa ta daji bisa kabu-kabu, su biya kuɗi a kowane shinge, babu mai auna zafin jikinsu.

Najeriya ta buɗe Illela da Maigatari ranar 16 ga Disamba, 2020. Mu ma a buɗe namu gefen. A ajiye ma'aikatan lafiya a ƙofa da ruwa da sabulu da takunkumi, kowa ya wuce a gabansu da rana tsaka.

Wannan shi ne alkawarinmu. Ranar 27 ga Disamba, 2020, ku ɗauki katinku, ku fito da sassafe, ku jefa mana ƙuri'a.