KO AN CANZA MATA TUKUNYA, TABA TABA CE

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa daga cikin masu aikin sa kai ya gabatar a zaman matasa na mako-mako, sakamakon tambayoyin da aka yi ta aikowa a kan shan lofe da shisha. Mun rubuto shi don amfanin waɗanda ba su samu halarta ba. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan uwa, tambayoyin da suka zo mana kala uku ne. Wani ya ce, shin lofe bai fi sigari sauƙi ba, tunda ba a haɗiye hayaƙinsa? Wani ya ce, shisha fa, ai ruwa yana tace ta. Na uku kuma cewa ya yi a nuna masa shagon da zai sami ganyen taba mai kyau, na gargajiya, wanda ba a sa masa sinadari ba. To, shago dai ba za mu nuna ba. Amma za mu faɗi dalili, domin ɗan uwa ba a yi masa tsawa kawai a wuce, hujja ake ba shi.

INA TABA TA FITO?

Da farko mu san cewa taba baƙuwa ce. A nahiyar Amurka take, Turawa ba su san ta ba sai bayan tafiyar Kolombos ta 1492. Wani jakadan Faransa a Fotugal mai suna Jean Nicot ya aika da ita fadar ƙasarsu wajejen 1560 a matsayin magani, daga sunansa ne aka samo kalmar nikotin. Kafin a yi nisa cikin ƙarni na 17 ta riga ta kai Maroko da Timbuktu da Istambul. Kuma a wancan lokaci ba kara-kara ake shan ta ba, a lofe ake sha. Wato wannan lofe da wasu ke ɗauka sabon yayi ne na masu aji, shi ne tsohuwar hanyar. A ƙasar Hausa ma an san lofen yumɓu, an san taba gari da ake cusawa a baki da kanwa, an san fure da mata ke goga wa haƙora. Saboda haka wanda ya ce ta gargajiya yake nema, gargajiyar da ta shigo ta jirgin ruwa da ayarin raƙuma yake nufi.

MALAMAI SUN CE ME?

Malamai sun yi saɓani a kanta tun zuwanta, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Shehu Ahmad Baba na Timbuktu, wanda Marokawa suka tafi da shi Marrakesh bayan sun ci daular Songhai a 1591, ya yi rubutu yana ganin halaccinta, da hujjar cewa ba ta gusar da hankali kamar giya. A ɓangare guda, Shehu Muhammad al-Wali na Bagirmi, a ƙasar Cadi ta yau, ya yi littafi a ƙarni na 17 yana haramta ta. Sarkin Usmaniyya Murad na Huɗu kuwa hana ta ya yi da ƙarfin mulki a 1633.

To amma ku lura da kyau. Duk waɗannan bayin Allah sun yi magana ne kafin likitoci su gano abin da take yi wa jiki. Sai a 1950 ne masu bincike na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fitar da bincikensu da ya danganta shan taba da sankarar huhu, sannan a 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka a rahotonsa. Tun da cutarwar ta bayyana, malamai da yawa suka koma ga haramci, suna kafa hujja da aya ta 195 ta Suratul Baƙara da ta hana jefa kai cikin halaka, da ayoyi na 26 da 27 na Suratul Isra'i da suka yi hani ga almubazzaranci. Ƙungiyar Muhammadiyya ta Indunisiya, ƙasar da shan taba ya yi katutu, ta fitar da fatawar haramci a 2010. Fatawa ba aikinmu ba ne, kowa ya koma ga malaminsa. Amma wanda zai fake da Ahmad Baba ya tambayi kansa: da Shehin ya ga abin da likitoci suka gani, me zai ce?

ABIN DA KE CIKIN HAYAƘIN

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo sankara. Waɗannan ba duka kamfani ke zuba su ba, yawancinsu daga ganyen ne da kuma ƙona shi. Ke nan ganyen gona da na kwali duk tafiyarsu ɗaya da zarar wuta ta taɓa su.

Mai lofe ya ce ba ya haɗiyewa. To, nikotin ba sai ya kai huhu ba, ta fatar cikin baki ma yana shiga jini. Hayaƙin kuma yana zama a kan leɓe da harshe da maƙogwaro, shi ya sa masu lofe ke fuskantar sankarar baki, da ta maƙoshi, da ta hanyar abinci, ban da ciwon dasashi da zubar haƙora. Wanda kuma ya taɓa saba wa sigari, in ya koma lofe sai ka ga yana haɗiyewa bai ma sani ba.

Mai shisha ya ce ruwa na tacewa. Ruwa sanyaya hayaƙin yake yi, sanyin nan kuwa shi ke ba ka damar zuƙa mai zurfi ba tare da tari ba. Sannan ga gawayin da ake ɗorawa a sama, yana fitar da iskar nan mai guba irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareto a ɗaki. Kara ɗaya na sigari minti biyar ne zuwa goma, zaman shisha kuwa sai a kai awa guda ana zuƙa. Ƙamshin tuffa da na'a-na'a da ake sa mata, ƙugiya ce aka lulluɓe da tsutsa. Ga kuma bakin tiyo guda yana zagaya bakin mutum biyar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su ma sha, hayaƙin wasu suke shaƙa. Wato matarka, da ɗanka, da ƙaninka da kuke kwana shago ɗaya.

SU WAYE KE CIN RIBA?

A 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba bakwai suka tsaya gaban majalisar Amurka, bisa rantsuwa, suka ce a ganinsu nikotin ba ya kama mutum. Shekara huɗu bayan haka, a 1998, manyan kamfanonin suka amince su biya jihohi 46 kuɗin da ya kai dala biliyan 206 a cikin shekara 25, saboda ɗawainiyar jinyar masu sha. Da kasuwa ta tsuke musu a can, ina kuke jin suka ƙara sa ido? Ƙasashen da matasa suka fi yawa, irin namu. A Nijeriya akwai dokar hana yaɗuwar shan taba ta 2015, wadda ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Kowa a nan ya san abin da ke faruwa a teburin mai tireda na bakin layinsu.

Yi lissafi da kanka. In naira 500 kake kashewa a rana, a shekara ka ƙona naira 182,500. Da kuɗinka ka sayi ciwo, sannan ka nemi wani kuɗin ka kai asibiti.

DARASI DAGA IRAN

A 1890 sarkin Iran Nasiruddin Shah ya damƙa wa wani Baturen Ingila, Manjo Talbot, ikon saye da sayar da duk tabar ƙasar na tsawon shekara 50. Manomi ba zai sayar da amfanin gonarsa ba sai ga kamfanin Bature. A watan Disamba na 1891 fatawa ta bazu da sunan babban malami Mirza Hasan Shirazi, wanda ke zaune a Samarra, tana haramta amfani da taba. Mutanen da shisha ta zame musu jiki suka ajiye tukwanensu, har matan gidan sarki suka daina. A farkon 1892 dole sarki ya soke yarjejeniyar.

Wannan fatawa a kan mamayar baƙi aka yi ta, ba a kan lafiya ba, kuma bayan an yi nasara mutane sun koma sha. Amma darasin yana nan. Al'umma guda ta iya barin abin da ta saba da shi a 'yan kwanaki saboda ta ga mutuncinta ake saye. To kai saurayi mai jini a jika, kai da kake cewa ba ka rusuna wa azzalumi, ganye ne zai tashe ka da tsakar dare ka fita neman shago?

MAFITA

Wanda bai fara ba, kada ya ɗanɗana. Yawancin masu sha a ƙuruciya suka fara, kuma a hannun aboki, ba a hannun maƙiyi ba. In majalisarku ta koma ta tukunya, canza majalisa.

Wanda kuma ya riga ya shiga, ba mu zo tozarta shi ba, ɗan uwanmu ne. Ka sa rana, ka fasa lofen, ka rabu da tukunyar, kada ka ba wani kyauta. Ka gaya wa ɗan uwa ɗaya da ka amince da shi ya riƙa bibiyarka. Kwanakin farko su ne masu wuya, za ka ji ƙunci da ciwon kai da saurin fushi, amma cikin 'yan makonni abin yana lafawa. In sha'awar ta taso, 'yan mintuna take yi ta wuce: ka sha ruwa, ka riƙe asuwaki, ka yi alwala, ka taka ƙafa. Wanda ya iya haƙuri daga asuba zuwa magariba kwana talatin, ya riga ya san yana iyawa. In abin ya gagara, ka ga likita, akwai magungunan da ke taimakawa, kuma babu kunya a ciki. Likitoci sun ce cikin awa 12 da dainawa iskar gubar da ke jini tana sauka, bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi.

Mai shago kuma da ke cikinmu, ka duba abin da kake miƙa wa 'ya'yan maƙwabta. Hanyoyin abinci suna da yawa.

Jiki amana ne, za a tambaye mu a kansa, za a tambaye mu ƙuruciya da dukiya. Allah Ya ba mu ikon kiyayewa, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba.