Kifin Tuna da Amanar Teku: Jawabi ga Ikkilisiyoyinmu

 Yau za mu yi magana a kan teku, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba. Bitrus da Andarawus masunta ne, saboda haka kukan masunta ba baƙon abu ba ne ga ikkilisiya.

Bisa ga dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, kowace ƙasa da ke bakin teku tana da iko a kan kifin da ke cikin mil 200 daga gaɓarta. Abin da ya rage bayan masuntanta sun kama, tana iya barin jiragen waje su kama su biya. Wato rara ce ake sayarwa, ba abincin gida ba.

Mu ɗauki ƙasar Sanagal. Yarjejeniyarta ta 2019 da Tarayyar Turai ta ba jiragen Spain da Faransa izinin kamun tuna, a kan lissafin tan 10,000 a shekara. A ƙarƙashin yarjejeniyar, Tarayyar ta riƙa biyan yuro miliyan 1.7 kowace shekara. Masuntan kwalekwale sun daɗe suna kuka cewa manyan jiragen waje suna rage musu kifi. Ita kuma Tarayyar, a watan Mayu 2024, ta gargaɗi Sanagal cewa ba ta hana satar kifi yadda ya kamata. A watan Nuwamba 2024 yarjejeniyar ta ƙare ba a sabunta ta ba.

Tuna matafiyi ne, ba ya zama a ruwan ƙasa ɗaya. Manyan jirage sukan saki tarkace masu yawo a kan ruwa, kifi ya taru a ƙarƙashinsu, sai a kewaye da babbar koma. Ta haka ake kwashe ƙanana da ba su kai ga yin ƙwai ba. Don haka a 2019 hukumar ICCAT, mai kula da tuna a Tekun Atlantika, ta rage yawan tuna mai manyan idanu da za a kama, ta kuma hana kamu a kan waɗannan tarkace na wata biyu a 2020.

Manomi ba ya cinye irinsa. Yarjejeniya mai adalci sai an fara ƙidaya kifin, an ajiye rabon talaka, an kuma bayyana wa jama'a nawa aka karɓa, ina kuɗin suka tafi.

Tambayoyin nan sun shafe mu. Idan za a ba wani hayar tafkin ƙauye, mu tambaya: nawa ya biya, wa ya karɓa, wace irin koma zai jefa? Mu daina koma mai ƙananan ido, mu daina zuba magani a ruwa, mu bar kifi ya huta lokacin ƙwai. Mu kuma tuna da masuntan Sanagal cikin addu'a.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amana. Amin.