Abin da jami'a ta koya mini a bakin burtali



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Malamanmu da iyayenmu da ke zaune a gaba, ina neman izininku in yi magana. Ƴan uwana matasa, maza da mata, sannunku da zuwa.

Da shugabannin ƙungiya suka ce in yi magana kan jami'a da shugabancin matasa da zaman lafiya, sai da na ce musu akwai waɗanda suka fi ni sani. Suka ce to ai kai ne ke can yanzu. Shi ke nan, abin da na gani zan faɗa muku.

Yayyenmu da suka samu bak shekaru 20 da suka wuce, sai sun ɗauki jaka sun tafi Yamai, ko Say ga masu karatun Arabiyya. Tun 2010 Maradi ta samu tata jami'a, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo. Ɗan Dakoro kan shiga mota da safe ya yi azahar a cikinta. Wanga kusanci ni'ima ce, amma ya ɗora mana nauyi, don ba mu da sauran hujjar cewa karatu ya kai mu nesa da gida.

Duk ɗalibin Nijar ya san ranar 9 ga Fabrairu 1990, ranar da ɗalibai suka fito zanga-zanga aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Jininsu na cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa da aka buɗe a Yuli 1991. Kowace shekara muna tunawa da su, kuma sun cancanta. Sai dai akwai wani kwanan wata da ban taɓa jin an tuna da shi a farfajiyar jami'a ba. A ƙarshen Oktoba 1991, ana tsakiyar wancan taron a Yamai, a nan jiharmu, a Toda ta wajen Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, akasarinsu mata da yara na Fulani. Ku tambayi iyayenmu da ke nan, ba su manta ba. Mu ɗalibai mun iya tsayawa gaban hukuma mu nemi haƙƙinmu, mun gaji wannan. Tsayawa tsakanin maƙwabta biyu da kowanne ya riƙe sanda, wannan kam ba wanda ya koya mana shi a taron ƙungiyar ɗalibai.

Kuma a Dakoro nan ne aikin yake. Dokar 1961 ta shata iyakar noma daga arewa, kwarin Tarka na bakin wannan iyaka. Daga can zuwa Bermo da Gadabeji ƙasar kiwo ce. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun gaji, mutane sun yi ta turawa arewa. Dabbobi kuma dole su hau da damina su gangaro da kaka, ta cikin burtali, su sha a rijiya da tabki. Duk shekara, tsakanin nunar hatsi da ranar da hukuma ke sanar da sakin gonaki, zukata a ɗaure suke. Kun san wannan fiye da ni.

A shekarata ta farko a tsangayar aikin gona, Allah ya haɗa ni ɗaki da wani Bafillace ɗan wajen Bermo. Kwano ɗaya muke ci, in bursu ta yi jinkiri garin rogo ɗaya muke jiƙawa. Wata rana ana hira na ce ai mutanenku ne ba su jin magana, su kora shanu cikin gonar mutum da dare. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Abokina, saniya ba ta da fiffike. In an toshe mata hanya, ta ina za ta bi?" Na yi dariya na wuce, don ni a sanina burtalin garinmu yana nan yadda kakanni suka bar shi.

A shekara ta biyu aka koya mana dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta ce yawon makiyayi da dabbobinsa haƙƙi ne da ƙasa ta amince da shi, kuma burtali ba mallakar kowa ba ne balle a nome shi. Aka kuma koya mana auna fili da GPS. Da hutun damina ya zo, ɗokin sabon ilimi ya sa na ce bari in gwada a gida. Na bi burtalinmu da waya a hannu ina neman duwatsun siminti da aka kafa don shata shi. Na farko na nan, na biyu na nan. Na uku sai da na kutsa cikin hatsi kafin in gan shi, taki goma sha biyu daga bakin hanya. Ƴan uwa, gonar gidanmu ce. Ni kaina na yi noman wurin tun ina yaro, ban taɓa tambayar dutsen mene ne ba.

Kwana uku ban faɗa wa kowa ba. Ranar ta huɗu na yi wauta. Muna zaune da dare gaban mutane na ce wa Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi ke riƙe da gonar, mun ci burtali kuma doka ta hana. Har da kawo lambar doka da Faransanci. Ya dube ni ya ce, "To, mushe, lakwal ɗin da muka sayar da akuya muka kai ka, ita ce ta aiko ka ka rage mana gona?" Aka yi tsit. Na tashi da kunya.

Inna ce ta gyara mini. Ta ce gaskiyarka ba ta ba ka izinin kunyata babba ba, je ka sami liman. Na same shi, ya saurare ni, bai ce komai ba sai ranar Juma'a bayan an watse ya riƙe hannun Baffa suka zaga. Ban san abin da suka faɗa ba. Damina ta gaba Baffa ya bar kunya bakwai bai shuka ba. Bai kai dutsen ba, saura biyar, kuma har yau in na gaishe shi a taƙaice yake amsawa. Amma bana garke ya wuce ta nan ba a kira kowa gaban mai gari ba.

Jami'a ce ta ba ni abokin da ya jefa mini tambayar, ita ta ba ni doka da na'urar awo. Yadda ake shiga gaban babba da magana mai ɗaci kuwa, a gida na koye shi, bayan na sha kashi. Malamanmu sun sha karanta mana yadda Ƙuraishawa suka kusa zubar da jini kan wanda zai mayar da Hajarul Aswadi wurinsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tun kafin a aiko shi, ya shimfiɗa mayafi ya sa kowace ƙabila ta kama gefe. Na san ƙissar tun ina makarantar allo, amma ban tuna da ita ba a daren da nake buƙatarta.

Ina da ƙorafi a kan jami'o'inmu, kuma da mu ɗalibai nake. Kowace shekara ana rubuta kundin kammala karatu kan burtali, kan rijiyoyi, kan kwarin Tarka. Ɗalibi ya zo ƙauye ya sha furar mutane, ya cika takardunsa da amsoshinsu, ya koma ya samu maki, kundin ya kwanta a kanta cikin Faransanci. Mutanen da aka yi wa tambayoyin ba su sake jin ɗuriyarsa. Ni na yi sa'a, firamaren da na yi da Hausa aka fara koya mana karatu kafin Faransanci, don haka ba ni da uzuri. In na gama nawa, na yi alkawari gabanku zan mayar da shi Hausa in zo in karanta a inda na tattaro shi, wanda zai iya kuma ya juya shi Fulatanci da Tamajak. Ku riƙe ni da wannan magana.

Ku ma da ba ku kai jami'a ba tukuna, ko Allah bai nufa ba, akwai kujerar da ke jiranku. Dokar 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke kira kofo, tun daga ƙauye har zuwa komin da departama. A na ƙauye mai gari ne shugaba, akwai wakilin manoma, na makiyaya, na mata, akwai kuma na matasa. Wa ya san wakilin matasan garinsu? Ku ɗaga hannu. Kun gani. Sau da yawa ana yin sulhu a gaban mai gari a watse ba a rubuta komai ba, baɗi a dawo kan magana guda, alhali takarda ɗaya mai sa hannun ɓangarorin biyu da shaidu ta isa. Wanda ya yi aji uku a kwaleji zai iya rubuta ta.

Sai maganar waya. Da kaka za ku ji saƙon murya na yawo a WhatsApp, an kashe wane a gari kaza, ga hoto. Na taɓa tura irinsa daga fadarmu ta shan shayi, daga baya ya bayyana hoton ma ba na ƙasar nan ba ne. Suratul Hujurati ta umarce mu da bincika labari kafin mu ɗauke shi. Kowannenku ya nemi lambar mutum ɗaya a rugar da ke kusa da garinsu, wanda zai iya kira ya ce, ɗan uwa, me ya faru?

Mu ɗaliban Dakoro da ke Maradi mun yi magana tsakaninmu. In hutu ya zo, duk reshen ƙungiyar nan da ya shirya, za mu zo da dokokin biyu mu zauna mu karanta su da Hausa, sannan mu taka burtalin garin tare da mai gari da arɗo, dutse bayan dutse. Wanda yake so ya ba sakatare sunan garinsu kafin a tashi. Garinmu ne farko a takardar, don akwai sauran kunya biyar.

Allah ya ba mu damina mai albarka da kaka lafiya.