Idan Fuskar Waya Ta Dushe

 

Yau maganar waya za mu yi, irin babbar nan ta shafawa. Abin da ya jawo maganar kuwa, wata maƙwabciyata ce mai sayar da man gyaɗa. Tun farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuya saboda canjin kuɗi, ta koyi karɓar tiransifa. Ran nan a kasuwa da tsakar rana wani ya sayi galan guda, ya ce ya tura. Ta duba wayarta, fuskar ta yi duhu, ba ta ganin komai. Ya nuna mata tasa, ta ji nauyin tsare shi, ya tafi. Sai da ta shiga ɗaki ta ga ko sisi bai shigo ba. Washegari mai gyara ya ce sai an canza sikirin. Ashe jikanta ne ya rage hasken da dare yana kallo a ɓoye, ya manta bai mayar ba.

To uwargida, kafin ki kwance bakin zani ki biya kuɗin sikirin, ga abin da za ki fara yi da hannunki. Shiga inuwa tukuna. Ki sa yatsa a can saman fuskar wayar ki jawo ƙasa, wata wayar sai kin ja sau biyu. Za ki ga wani layi mai alamar rana. Ki ja shi zuwa dama. Sau da yawa magana ta ƙare ke nan.

In kin ƙara hasken ya sake raguwa da kansa, to ba aljanu ba ne. Wayar tana da wani ɗan ido a sama, kusa da inda kike kara kunne, da shi take auna hasken wurin da kike: a rana ta ƙara, a ɗaki ta rage. Mu kuwa mata, hannunmu daga miya sai mai sai ƙullu, ga ƙurar hunturu. Idan maiƙo ya rufe idon nan, sai wayar ta zaci dare ya yi alhali kina tsakiyar rana. Ki goge wurin da ƙyalle mai laushi, busasshe. Haka ma gilashin kariya da ake mannawa: in an manna shi a karkace ya rufe idon, ko kuwa irin baƙin nan ne da ke hana na gefe leƙe, shi kansa yana cin haske. In abin ya dame ki, kusa da layin ranar akan sami wata alamar rana mai harafin A, ki taɓa ta, wayar za ta daina yi miki shisshigi.

Sai batir. Mu da ke tattalin caji saboda wuta ba ta zama, mun san wannan. Idan caji ya yi ƙasa, wayoyi da yawa sukan rage haske don su ja lokaci. Ki sa ta a caji ki gani. Akwai kuma zafi. A watan Maris da Afrilu, ki ajiye waya a kan faranti cikin rana ko kusa da murhu, za ta rage haskenta don kare kanta. Ki kai ta inuwa ta huce, amma don Allah kada a ɗora ta kan randa ko a sa ta cikin firji, laima ta fi zafin ɓarna. In fuskar rawaya ta yi, wannan tsarin kare ido ne na dare, ana kashe shi. Wasu wayoyi masu Android 12, wanda ya fito a 2021, da na bayansa, suna da wani maɓalli da aka rubuta wa Extra dim, yara na son taɓa shi.

Duk kin gwada, kin kashe kin kunna, shiru? To ki shiga ɗaki mai duhu, ki haska fuskar da tocila kusa-kusa. In kina hango rubutu dishi-dishi, fitilar da ke bayan gilashin ce ta mutu, galibi bayan faɗuwa ko shigar ruwa. Wannan kam aikin mai gyara ne. Amma ki cire layinki kafin ki miƙa, domin da layin nan ake shiga asusunki na banki. Kada ki faɗi lambar sirrinki ta banki, gyaran haske bai buƙace ta ba. In da hali ki zauna a gyara a gabanki, ki kuma ji farashi a wuri biyu.

Wani hanzari ba gudu ba. In 'yarki tana karanta wayar sarai, ke kuwa sai kin nesanta ta da fuskarki, to ba laifin wayar ba ne. Daga shekara 40 ido yakan fara gajiya da ƙananan rubutu, ni ma na shiga layin. A je asibiti a auna, ba kunya a tabarau.

Ita kuwa maƙwabciyata, yanzu in an ce an tura, sai ta ce wa mai saye ya ɗan dakata, ta matsa cikin rumfa ta duba asusunta da idonta kafin ta miƙa galan. Sai mun sake saduwa, a gaida yara da maigida.